Na'urar Sauraren Koken Mota: Wacce Za Ka Saya, Me Kuma Za Ta Iya Faɗa Maka?

 

Na tabbata idan muka fita harabar wurin taron nan muka tayar da motocin da ke ajiye ɗaya bayan ɗaya, za mu samu da yawa waɗanda wutar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji, wadda muke kira cek, take kunne a dashbod ɗinsu. Wasu ta shekara a haka. Mai motar ya saba da ita har ya daina ganin ta. Wani ya kai an sa wa motar kwamfuta, an karɓi kuɗinsa, an kashe wutar, bai kai gida ba ta dawo.

Akwai wani ƙanena, malamin makaranta, mai Corolla 'yar Amurka. Sau uku yana biyan kuɗin kwamfuta a wata guda. Sau biyu aka ce masa sensar oksijin ce, ya saya aka canza. Shan mai bai ragu ba, wutar ba ta mutu ba. Ranar da ya kawo mini motar na jona wata 'yar na'ura da kuɗinta bai kai na cika tanki ba, muka zauna muna kallon alƙaluma kamar minti goma. Daga nan na buɗe bonet na lanƙwasa tiyon da ke kai iska cikin inji, sai ga tsaga ta ƙasa inda ido ba ya kai wa. Sensar da aka cire masa lafiyarta ƙalau, gaskiya take faɗa tun farko. Wannan abu ya daɗe yana damuna, domin albashin malamin makaranta kowa ya san shi, kuma irin wannan asara ita ce ta sa na karɓi gayyatar yin magana a yau.

Kafin mu je kasuwa, ya kamata mu san asalin abin, domin asalin ne ke bayyana abin da na'urar za ta iya da abin da ba za ta iya ba.

Ba don a taimaki bakanike aka ƙirƙiro wannan tsari ba. Hayaƙi ne ya haife shi. Birnin Los Anjalis na Amurka ya yi fama da hazon hayaƙin motoci shekara da shekaru, har jihar Kalifoniya ta kafa hukumar kula da tsabtar iska a 1967. Wannan hukuma ce ta matsa wa kamfanoni lamba cewa kowace mota ta riƙa sa ido a kan kanta, idan wani abu ya lalace da zai ƙara hayaƙi ta kunna wuta ta sanar da direba. Da farko kowane kamfani ya yi nasa soket da nasa salo, na Toyota daban, na Ford daban. Sai aka dunƙule su a tsari ɗaya mai suna OBD II, kuma daga motocin 1996 ya zama dole ga duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka. Turai ta biyo baya da nata mai suna EOBD: motocin fetur daga 2001, na dizal daga 2004.

Ku riƙe waɗannan shekaru uku, 1996 da 2001 da 2004, domin galibin motocinmu na hannu ne, daga can suka fito, ko ta Legas ko ta Kwatano.

Soket ɗin yana da ramuka 16, layi biyu, sama ya fi ƙasa faɗi. Yawanci yana ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, kodayake wasu motocin Turai sukan ɓoye shi bayan murfi, kusa da akwatin fiyus ko wajen zuba tokar sigari. Rami na 16 yana ɗauke da wutar batir kai tsaye, ko an kashe mota ko ba a kashe ba, zan dawo kan wannan. Na 4 da na 5 su ne ƙasa. Sauran kuwa hanyoyin magana ne, kuma a nan ake samun tuntuɓe na farko, domin soket ɗaya ne amma yare biyar ne. Tsofaffin Ford na da nasu, tsofaffin General Motors na da nasu, motocin Japan da na Turai na farkon shekarun 2000 galibi suna magana ta rami na 7 da yare iri biyu, sai kuma na biyar mai suna CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi, yana bi ta rami na 6 da na 14. Daga 2008 duk motar Amurka da CAN take magana. Idan ka haska tocila cikin soket ɗin motarka ka ga ramukan da ke da ƙarfe a ciki, za ka iya hasashen yarenta.

Don haka tambayar farko ita ce wace ƙasa aka ƙera wa motarka, kuma a wace shekara. Tambayar wace na'ura ce mai kyau tana zuwa ne daga baya. Camry ko Accord 'yar Amurka daga 1996 zuwa sama, kusan kowace na'ura mai lafiya za ta yi magana da ita. Duba takardar da ke manne ta cikin bonet, za ka ga an rubuta OBD II. Amma 'yan'uwana masu Golf 3 da tsohuwar Sharon da ke jigila tsakanin garuruwanmu, ku yi hattara. Yawancinsu an ƙera su ne wa Turai kafin 2001. Kana iya ganin soket mai ramuka 16, amma burenbos ɗin, wato kwamfutar da ke kula da inji, yaren Volkswagen zalla yake ji, sai an samo waya da manhaja irin nasu, wato VCDS ko ƙanwarta. Haka tsofaffin Peugeot 406 na kafin 2001 kan yi gardama da na'urar gama-gari. Motar da aka ƙera don kasuwar cikin Japan ita ma takan yi. Peugeot 504 mai kafireto kuwa babu burenbos ɗin da za a tambaya. Masu tirela da tifa, naku tsarin daban ne, wutarku bolt 24 ce, ƙananan na'urorin nan kuwa don bolt 12 aka yi su. Kada a jona.

Abu na biyu da asalin ya haifar shi ne wannan. Tun da dokar hayaƙi ce, abin da ta tilasta a buɗe wa kowa shi ne bayanin inji da ɗan abin da ya shafi giya. Birkin ABS, eyabag, sitiyari mai lantarki, makullin tsaro, duk waɗannan kowane kamfani ya riƙe sirrinsa. Shi ya sa za ka ga wutar ABS na kunne, ka jona 'yar na'urarka ta ce babu matsala. Ba ƙarya ta yi ba, ɗakin da aka ba ta makullinsa kaɗai ta shiga. Bambancin farashi tsakanin na'urar aljihu da babban allon Launch ko Autel da kuke gani a manyan gareji, mafi yawansa kuɗin makullan sauran ɗakunan ne.

To, me ke kasuwa ga mai ƙaramin ƙarfi?

Mafi araha shi ne ɗan mitsitsin nan kamar akwatin ashana, sau da yawa shuɗi, wanda ake cusawa a soket ya yi magana da waya ta Bluetooth ko WiFi. Za ka ga an rubuta ELM327 a jikinsa. Wannan suna na da tarihi da ya kamata mai saye ya sani. ELM327 sunan wata 'yar ƙwaƙwalwa ce da wani ƙaramin kamfani na Kanada, Elm Electronics, ya tsara, aikinta tafinta tsakanin yarukan nan biyar da kwamfuta. Fitowarta ta farko ba a kulle ta ba, sai aka kwafe ta, masana'antun Sin suka shiga buga ta babu adadi. Lambar v1.5 da kuke gani a kwalaye, kamfanin asali bai taɓa fitar da ita ba, masu kwafi ne suka ƙirƙiro ta. Shi kansa kamfanin ya rufe a 2022. Ke nan kusan duk abin da ke kan tebur a kasuwa kwafi ne, sai dai wani kwafin ya fi wani. Waɗanda aka fi kuka da su su ne masu arha sosai da aka rubuta wa v2.1, domin da yawansu an rage musu kaya a ciki, suna jin CAN amma ba sa jin wasu tsofaffin yarukan. Mai motar 2012 zai saya ya yaba, mai motar 2003 ya sayi irinsa ya ce jabu ne, kuma duka biyun gaskiya suka faɗa. Akwai wata manhaja ta kyauta a Android mai suna ELM327 Identifier da ke gwada na'urar ta nuna umarnin da take ganewa da wanda ba ta ganewa. Amma gwajin da ya fi kowanne shi ne ka je da motarka ƙofar shagon, a jona a gabanka, ka ga zafin inji ya fito a waya kafin ka biya.

Mai iPhone ya kula: Bluetooth na gargajiya da yawancin masu arha ke amfani da shi ba ya aiki da wayarka. Sai mai WiFi, ko wanda aka rubuta BLE ko Bluetooth 4.0 a kwalinsa. Manhajoji kuwa akwai Torque ta Android, akwai Car Scanner da OBD Fusion. Idan aljihu ya ɗan yi nauyi, Vgate da Veepeak sun fi marasa suna daidaito, OBDLink kuma ya fi su duka, sai dai babbansa ya haura dala 100.

Na ce zan dawo kan rami na 16. Tun da wuta ba ta yankewa a wurin, ɗan akwatin nan idan ba shi da dabarar yin barci zai ci gaba da tsotsar batir dare da rana. Motar da ake hawa kullum ba za ta ji ba. Wadda aka ajiye mako biyu aka yi tafiya, musamman mai tsohon batir, kana iya dawowa ka tarar ba ta ko motsa kik. Ga kuma batun tsaro: lambar sirrin yawancinsu 1234 ce ko 0000, duk wanda ke kusa da waya a hannu zai iya haɗuwa da shi. Idan ka gama, zare shi ka jefa a aljihun mota.

Iri na biyu shi ne na riƙewa a hannu, mai waya da ɗan allonsa da maɓallai, irin su Autel MS309, Ancel AD310 da Foxwell NT301. Ba ya buƙatar wayar salula, ba ya buƙatar intanet ko caji, daga motar yake shan wuta. Ga dattijon da ba ya son wahalar manhaja, ko yaron gareji da hannunsa ke cikin baƙin mai, ni wannan nake zaɓa. Amma akwai sharaɗi ɗaya da ba na sassautawa a kansa: ya zama yana nuna alƙaluma kai tsaye yayin da inji ke aiki. Mafi ƙanƙantarsu lamba kawai suke karantawa su goge. Wannan kuwa shi ne rabin aikin da ya fi jefa mutane cikin asara.

Bari in tsaya a nan sosai, domin nan ne zuciyar maganata.

Lambar matsala harafi ɗaya ce da alƙaluma huɗu. P na nufin inji da giya, B jikin mota, C ƙafafu da birki, U kuma sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Idan sifili ya biyo bayan P, ma'anar ɗaya ce a kowace mota. Idan 1 ne, kamfanin ne ya sa mata ma'ana, P1 ta Honda daban da ta Toyota, sai ka nemo ta da sunan motarka. Abin da lambar ke faɗa koke ne, kamar mara lafiya ya ce wa likita kansa na ciwo. Ciwon kai na iya zama zazzaɓin cizon sauro, yana iya zama hawan jini, yana iya zama yunwa. Babu lambar da ke cewa je ka sayi kaya kaza.

Mu ɗauki P0171, wadda ita ce ta wahalar da ƙanena. Ma'anarta iska ta yi yawa a kan mai. Injin fetur na son kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, bisa nauyi. Sensar oksijin da ke jikin salansa tana shinshina hayaƙi ta gaya wa burenbos ko an dace, shi kuma ya ƙara mai ko ya rage. Wannan ƙari da ragi ana ganin sa a allo da haruffa STFT, na nan take, da LTFT, wanda motar ta koya a tsawon lokaci. A mota mai lafiya suna yawo kusa da sifili, ba su cika wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa ba. A motar ƙanena LTFT ya haura 20 tana silo. Da na taka totur inji ya kai juyi 2,500 a minti, sai adadin ya sauko kusa da daidai. Wannan alama ce ta ɓarauniyar iska: a silo iskar da inji ke ja kaɗan ce, don haka 'yar tsaga tana da tasiri, da an buɗe totur sai ta ɓace cikin yawa. Da a ce akasin haka muka gani, wato lafiya a silo amma adadin na hawa idan an taka, sai hankalinmu ya koma kan fanfon mai da ya gaji, ko nozul da suka toshe, ko eyafulo, wato sensar auna iskar da ke shiga inji, da ƙurar hunturu ta rufe wa ido. Lamba ɗaya, dalilai huɗu ko biyar, kuma alƙaluman nan ne kaɗai ke rarrabe su.

Ko P0301, wato silinda ta ɗaya na misin. Kafin ka sayi komai, cire kwayil na ɗaya ka musanya shi da na biyu, ka goge, ka zagaya. Idan lambar ta koma P0302, kwayil ne, ya tafi da ciwonsa. Idan ta tsaya a ta ɗaya, duba fulogi, sannan nozul, sannan matsin silindar. Ba ka kashe ko kwabo ba. P0135 kuma tana magana ne kan hitar da ke cikin sensar oksijin, kuma sau da yawa fiyus ne ya ƙone ko ɓera ya ci waya. Abu ɗaya da ba a jinkiri a kansa: idan wutar cek tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, misin ne mai tsanani, ɗanyen mai na zuba cikin salansa. A sassauta, a nemi wuri a tsaya.

Game da gogewa, ina roƙon ku da ku ɗauki hoton allon kafin ku danna. Lokacin da matsala ta faru burenbos yakan adana hoton halin da inji ke ciki a wannan daƙiƙa: gudu nawa, zafi nawa, juyi nawa. Gogewa na tafiya da wannan shaida gaba ɗaya, kuma ba ta gyara komai.

Wannan ya kai ni ga masu shirin sayen mota. Wasu masu sayarwa, ba duka ba, sukan goge lambobi da safe kafin mai saye ya iso. Na'ura mai arha na iya tona wannan. Motar tana da jerin gwaje-gwajen da take yi wa kanta, na indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, na sensar oksijin da sauransu, kuma da an goge lambobi ko an cire kan batir sai duk su koma matsayin ba a kammala ba, sai an yi tafiyar kwanaki kafin su cika. Motoci da yawa ma suna faɗin kilomita nawa aka yi tun gogewar ƙarshe. Idan ka ga kilomita 3, ka yi tambaya. Yana yiwuwa batir aka canza, wannan uzuri ne karɓaɓɓe ga motar da ta sha ajiya, amma sai a ba ka dama ka yi doguwar tafiyar gwaji ka sake dubawa. Sannan ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: dole wutar cek ta kama tare da sauran. Idan ba ta kama ba, alhali na'ura na cewa burenbos ya ba da umarnin kunna ta, to an cire ƙwan ko an liƙe shi.

Na ambaci indomi. Duk mun san yadda ake cire shi a sayar ko a sace shi saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, irin su filatinam. Motar da aka cire wa shi takan zauna da P0420, wutar cek kuma ba ta mutuwa. Illar da ba a lura da ita ita ce wuta ɗaya ce tak ga dukkan matsaloli. Tun da kullum tana kunne, sabuwar matsala za ta shigo babu sallama. Mai irin wannan mota ya fi kowa buƙatar na'ura, ya riƙa leƙawa duk mako biyu ya ga ko an samu baƙuwar lamba.

Yanzu ga iri na uku, allon da ake girkewa a kan dashbod ya zauna dindindin yana nuna alƙaluma. Sanannu a Amurka su ne ScanGauge, wanda samfurinsa na biyu ke nuna abu huɗu a lokaci guda, da UltraGauge mai iya yin ƙara idan wani adadi ya wuce iyakar da ka sa masa. Akwai kuma masu arha na Sin, wasu har suna haska alƙaluman a jikin gilashin gaba. A nan a kula, domin wasu daga cikinsu da tauraron ɗan'adam kawai suke aiki, gudu da agogo suke nunawa, ba su san komai game da inji ba. Nemi wanda wayarsa ke shiga soket ɗin OBD.

Wani zai ce, ai akwai allurar zafi a dashbod, me zan yi da wani allo? Amsar ita ce a motoci da yawa na zamani an tsara allurar ne ta zauna a tsakiya cikin faɗin zafi mai yawa don kada direba ya tsorata. Sai abu ya yi nisa take tashi, wasu motocin ma babu allurar sam, sai jar wuta. Allon kuwa ainihin adadin yake ba ka. Yawancin injuna suna aiki tsakanin digiri 85 da 105 a ma'aunin Salshiyos. Idan ka san motarka a 90 take zama, ranar da ka ga 98 a buɗaɗɗiyar hanya, sannan 104, sannan 108, ka samu mintunan da za ka kashe na'urar sanyaya mota, ka gangara gefe, tun gasket bai ƙone ba. A zafin Afrilu, cikin cunkoso ko kan hanyar Kano zuwa Maiduguri da kaya fal, waɗannan mintuna su ne tsakanin kuɗin tiyo da kuɗin inji. Don haka a wurina allon da ba shi da ƙararrawar zafi bai cika ba, domin idon direba na kan hanya. Kuma a duba ma'aunin: na'urorin Amurka da Faranhait suke zuwa, inda digiri 194 ke daidai da 90 namu, 212 kuma daidai da 100. A canza shi tun ranar farko.

Wannan allo zai kuma buɗe mana ido kan wata al'ada tamu, kuma ina faɗin haka da girmamawa ga iyayen gidana makanikai. Mun saba da zarar mota ta shigo ƙasar nan a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, a ce na ƙasar sanyi ne. Ku jona allo ku gani da idonku. Tamostat na Toyota da yawa a digiri 82 yake fara buɗewa, aikinsa ya kai inji zafin aiki da wuri ya riƙe shi a nan. Idan babu shi, da safiyar hunturu ko a doguwar hanya za ka ga zafin ya kasa kaiwa inda ya kamata. Burenbos kuma idan ya ga inji da sanyi sai ya ƙara mai, kamar yadda ake jan cok a tsohuwar mota. Lambar P0128 ke nan. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, babu wanda ke da fetur ɗin zubarwa. Idan mota na ɗaukar zafi, a wanke lagireto, a duba murfinsa da fanfon ruwa da fanka, a nan ciwon yake.

Adadi na biyu da zan sa a allo shi ne wutar batir. Lafiyayyen batir da ya huta yana wajen bolt 12.6. Inji na aiki, a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Idan kana tafiya da dare ka ga ya sauko 12 yana ci gaba da sauka, altaneta ta daina caji, batir kake ci, ka nemi gari mafi kusa. Wasu sababbin motoci sukan rage caji da gangan na ɗan lokaci don tsimin mai, don haka ka san halin taka.

Na uku shi ne shan mai. Ku sani lissafi ne na'urar ke yi daga yawan iskar da ke shiga, ba ta auna fetur ɗin da kansa. Sai ka cika tanki, ka yi tafiya, ka sake cikawa, ka gaya mata ainihin litar da ta shiga, sannan lissafinta ya daidaita. A motar dizal lissafin ya fi kaucewa. Duk da haka, ganin adadin na tsalle duk lokacin da ka danne totur yana gyara ƙafar direba fiye da faɗan maigida.

Akwai abin da mutane ke saya domin sa su dawo da ɓacin rai. Zafin man giya ba ya cikin jerin da doka ta buɗe, sai na'urar da ke karɓar lambobin musamman na kamfanin motarka, irin ScanGauge ko manhajar Torque da Car Scanner. Matsin baƙin mai kuwa yawancin ƙananan motoci ba su da sensar auna shi, makunni ne kawai mai kunna jar wuta, don haka babu allon da zai nuna abin da motar kanta ba ta sani ba. Ko yawan man da ke tanki ba kowace mota ke bayarwa ba.

Ga masu gareji kalma ɗaya. Ɗan akwatin Bluetooth na karatu ne. Kada a yi amfani da kwafi mai arha wajen rubuta wani abu cikin burenbos ko haɗa makulli, domin idan sadarwa ta yanke a tsakiya, motar mutane ce za ta kwanta. Wanda aikinsa ya fi yawa a kan mota iri ɗaya, gara ya nemi kayan wannan iri, Techstream ga Toyota, VCDS ga Volkswagen, Diagbox ga Peugeot, ko ya tara kuɗi ya sayi matsakaicin Launch ko Autel mai shiga ABS da eyabag da giya. Ya kuma tambayi mai shago shekara nawa ake sabunta manhajar kyauta, da nawa za a biya bayan nan, domin wasu da arha ake saye, kuɗin shekara-shekara ne ke da nauyi.

Idan ni ne ke da mota ɗaya ta gida, zan sayi ɗan akwatin Bluetooth mai suna, wanda na gwada a motata, in riƙa amfani da waya. Idan direban haya ne ni mai dogon zango, allo mai ƙararrawa zan girke, in ɗaure wayarsa nesa da birki da totur, in kuma ajiye shi inda rana ba ta dukansa kai tsaye, domin zafin da ke taruwa a bayan gilashi yana baƙanta allo yana narkar da gam. A jona kowace na'ura mota na kashe, sannan a murɗa makulli. Idan ka jona ka ga fitilun dashbod sun rikice, zare ta nan take ka mayar wa mai ita.

Ranar da ka saya, kada ka jira sai mota ta yi ciwo. Ka bari ta yi zafi sosai, ka rubuta a ɗan littafi zafinta a silo da kan hanya, digirin da fanka ke tashi, wutar caji, da LTFT. Duk ranar da wani abu ya canza, da waɗannan za ka gwada, kuma su za ka nuna wa bakanikenka.

Shugaban taro ya ba mu izinin amfani da motoci biyu da ke waje, ɗaya 'yar Amurka ta 2005, ɗaya 'yar Turai ta kafin 2001. Na zo da na'ura iri uku. Bayan tambayoyi za mu fita mu jona su ɗaya bayan ɗaya, ɗalibai su matso gaba su riƙe da hannunsu.